Yadda ake buga Mario Party na kwandala a gidan gem na Japan

Wanda ya san Mario Party a gida ya san shi da rimot a hannu. Mutum huɗu a gaban talabijin, kowa ya jefa ɗan ludonsa ya taka gidaje a kan allo, a tara kuɗi a sayi tauraro, ƙarshen kowane zagaye kuma a fafata a ɗan gajeren wasa. Haka yake tun fitowarsa a na'urar gem ta Nintendo 64 a 1998, lokacin kamfanin Hudson Soft ne ke ƙera wa Nintendo shi. Amma akwai wani reshe na wasan da aka yi wa gidajen gem na Japan, kuma kamfanin Capcom ne ya ƙera shi. A 2004 ya fitar da Super Mario Fushigi no Korokoro Party, wanda aka ɗauko daga Mario Party 5 na GameCube, na biyunsa ya biyo baya a 2005. A 2009 aka fitar da Mario Party Fushigi no Korokoro Catcher daga Mario Party 8 na Wii, ƙaton inji da mutum har 16 ke iya kewayewa. Bayansa akwai Kurukuru Carnival a 2012, da Catcher na biyu a 2013, da Challenge World a 2016.

Duk wanda ya je neman irin wasan gida a jikin waɗannan injina zai sha mamaki. Babu rimot, kuma ba za ka yi kokawa da na kusa da kai a kan tauraro ba. Yawancinsu wasan tura kwandala ne aka yi wa riga da Mario: kana zura kwandalolin ƙarfe, wani faranti yana tura su, waɗanda suka faɗo ta gabanka su ne naka. Japanawa suna kiran kwandalar medaru. Ba kuɗi ba ce, ba kuma za ta taɓa komawa kuɗi ba. Abin da kake saya lokacin zama ne, don haka duk dabarar da ke ƙasa ta yadda za ka sa kofi ɗaya ya daɗe ce.

Mataki na farko: nemo injin

Wannan ya fi sauran wuya, domin injinan sun tsufa kuma shaguna da yawa sun sauke su. Kada ka fara da unguwannin da baƙi ke tururuwa, irin su Akihabara a Tokyo. Haya a can tana da tsada, shi ya sa aka cika benayen da injinan ƙugiya masu kamo 'yar tsana, ga injin da ke cin rabin ɗaki ba shi da wuri. Manyan injinan kwandala sun fi zama a gefen gari: rassan Round1, da kusurwar wasa ta cikin manyan kantunan Aeon, da Plaza Capcom, da wasu rassan Taito Station, Namco da GiGO. GiGO ɗin nan su ne gidajen gem da a da ke ɗauke da sunan Sega, aka sauya musu suna a 2022, don haka in tsohon bayani ya tura ka Sega, shi ke nan wurin.

Shaguna da yawa suna jera injinan kowane reshe a shafinsu na intanet. Ka kwafi sunan wasan da rubutun Japananci ka nema da shi, ka kuma ajiye hoton injin a wayarka don nuna wa ma'aikaci. In ba ka samu na Mario ba, kada ka juya. Kusan duk abin da zan faɗa yana aiki a kan kowane injin tura kwandala.

Mataki na biyu: duba agogo

Doka ce ke tsara gidajen gem a Japan, wadda ake kira Fueiho, tun 1948 take ana yi mata gyara. A ƙarƙashinta ɗan ƙasa da shekara 18 ba ya zama bayan ƙarfe 10 na dare. A Tokyo da larduna da yawa ɗan ƙasa da 16 sai ya fita ƙarfe 6 na yamma in babu babba tare da shi. Yawancin shaguna suna rufewa da tsakar dare. In da yara za ka, ka je da rana. Safiyar ranakun aiki ta fi daɗi ga sabon shiga: babu cunkoso, sai dattawa 'yan fansho da ke zaune da kofunansu, waɗanda kallonsu kaɗai makaranta ce.

Mataki na uku: karɓo kwandala

Kada ka zura kuɗin gaske a injin wasan. Akwai injin haya daban a sashen kwandala, yana da allon farashi a jikinsa, kofuna kuma suna jere a gefe. Ka ɗauki kofi ka ajiye a bakin injin kafin ka sa kuɗi, in ba haka ba za ka bi kwandala a ƙasa kana tsince. Ka lura kada ka rikita shi da injin canji, wanda ke fasa takarda zuwa silallan yen 100.

Farashi ya bambanta daga shago zuwa shago, amma ƙa'idar ɗaya ce: iya yawan abin da ka biya a lokaci guda, iya arhar kowace kwandala. Wannan tarko ne mai kyau. Ranar farko ka tsaya a yen 1,000 ko 2,000, sauran kuɗin su zauna a jaka. Ka riƙe takardun 1,000, sun fi shiga kowane inji. Japan ta fitar da sabbin takardun kuɗi a Yulin 2024, ga sabuwar silallar yen 500 tun 2021, wasu tsofaffin injina kuma suna tofo su. In haka ta faru, ka tambaya a kanta ko za su canza maka da tsohuwar takarda.

Na san tambayar da ke ran mai karatu: wannan ba caca ba ce? Ga yadda abin yake a ƙasa. Dokar ta hana shago ya ba ka kuɗi ko kaya a madadin kwandala. Ko ka cika bokiti goma, ko alawa ɗaya ba za su saya maka ba. Kwandalar ma ta shagon ce, haya ka karɓa, shi ya sa fita da ita ko shigo da ta wani shago laifi ne da kan iya kai mutum hannun 'yan sanda. Wannan ne ya raba ta da pachinko, wasan Japan na ƙananan ƙwallayen ƙarfe, inda ake karɓar wata kyauta ta musamman a kai wata 'yar taga a waje a sayar. A nan kuɗinka ya tafi tun lokacin da injin haya ya haɗiye shi. Sai dai gaskiya ɗaya ce: lambobi masu juyawa, da ƙararrawar nasara, da "saura ƙiris", duk daga gidan caca aka aro su, kuma suna taɓa zuciya yadda na can ke taɓawa. Wanda ya san yana da rauni a wannan fanni, ko zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tsallaka sashen gem na tsere ko na ganga, babu abin da ya rasa.

Mataki na huɗu: tsaya ka kalla kafin ka zauna

Injin yana da tashoshi a kewaye, kowace da filinta a bayan gilashi da allonta. A manyan, mutum biyu na iya raba tasha ɗaya, ɗaya a kafar dama ɗaya a ta hagu. Kowace tasha tana nan yadda wanda ya tashi ya bar ta, don haka ba daidai suke ba. Ka zagaya sau ɗaya da kofinka a hannu.

Abu uku za ka duba. Na farko bakin filin: kwandaloli sun yi tsini sun leƙo waje, sun hau kan juna, ko kuwa an share bakin ya yi fayau? Na biyu ƙwallaye: a kan kwandalolin akwai ƙwallaye da ke tafiya da su a hankali, kuma ƙwallon da ya kusa baki ya fi tulin kwandala daraja, domin faɗowarsa ke buɗe wasa na gaba. Na uku allon: yana nuna abin da aka riga aka tara, ko saura gida nawa a kai wani muhimmin wuri. Tashar da ƙwallo biyu ke dab da baki ta fi wadda ke cike maƙil amma ƙwallayenta na can baya.

Ka tabbatar babu mai wurin. In ka ga kofi, ko kwandala a tire, ko kati a kan kujera, mai shi ya ɗan zaga ne. Kuma kada ka tsaya a bayan mutum kana jiran kofinsa ya ƙare don ka gaje masa fili. 'Yan wasan suna kiran mai wannan hali haiena, wato kura, wasu shagunan ma korar irinsu suke yi.

Mataki na biyar: zura kwandala a kan lokaci

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne hannunka ke da ta cewa sosai.

Filin hawa biyu ne. Na sama faranti ne da ke kai da komowa, yana shigewa ƙarƙashin wani bango da ba ya motsi, ya sake fitowa. Na ƙasa shimfiɗa ce da ke ƙarewa a ramin da ke zubowa tirenka. Idan farantin ya fito gaba, wani ɗan fili da ba kowa a kansa yana bayyana a gindin bangon. Wannan ɗan filin kake nema. Kwandalar da ta kwanta a nan, da farantin ya koma baya bangon zai tokare ta, ita ta tokare ta gabanta, har na bakin farantin su zubo ƙasa. Da farantin ya sake fitowa, goshinsa ya tura su cikin tulin ƙasa, tulin kuma ya matsa zuwa gare ka. In ka saki kwandala lokacin da farantin ke ciki, sai ta faɗa a kan 'yan'uwanta ta yi zamanta, ba ta tura komai ba.

Kwandalar tana ɗaukar ɗan lokaci tana gangarowa ta indararon, don haka ba a jira farantin ya gama fitowa. Ka sake ta daidai lokacin da ya fara fitowa. Ka ɓata guda goma na farko wajen gwaji, ɗaya bayan ɗaya, kana kallon inda kowace ta sauka. Da kunnenka ya kama kiɗan injin, hannun zai riƙa yi da kansa. Biyu ko uku a kowace fitowa sun isa. Mai zuba su kamar ana korarsa yana gina tudu ne a sama, kofinsa ya ƙare cikin minti biyar.

Sai kuma saiti. A dama da hagu na filin ƙasa akwai ramuka, wani lokaci a ɓoye ƙarƙashin ado. Duk abin da ya faɗa can na shago ne, ta nan yake cin ribarsa. Turin da ya bi tsakiya shi ke isowa gare ka, na gefe rabinsa asara ne. In indararon naka yana juyawa, ka fi karkata shi tsakiya, sai fa in akwai ƙwallon da kake son korowa, to ka saita bayansa.

Mataki na shida: ƙofa da lambobi

A hanyar kwandalar akwai 'yar ƙofa da ake kira chakka, wani lokaci tana motsi, wani lokaci fitila ce ke nuna wadda ke aiki. Kwandala ta bi ta ciki, lambobin allo su juya. Uku iri ɗaya suka jeru, ka ci. A yawancin injinan turawa 777 ce babba, wasu lambobin kuma suna jefa injin cikin wani yanayi da ake kira kakuhen, inda ci na gaba ke zuwa da sauƙi. In ka shiga wannan yanayin kada ka tashi.

Abu biyu sabon shiga ke yawan kuskurewa a nan. Na farko, juyin da ka samu yana shiga layi ne, kuma layin yana da iyaka. Akwai fitilu ko 'yan alamu a gefen allo da ke ƙirga su. In sun cika, kwandalar da ta sake bin ƙofar galibi ta tafi a banza. Sai ka ɗaga hannu ka bar allon ya rage bashin da ke kansa. Wannan ɗan jiran kaɗai yana iya ƙara wa kofi rai sosai. Na biyu, idan allo ya ce ka ci 30, ba 30 ne za su zubo tirenka ba. Injin yakan watsa su ne a cikin fili, wasu su hau tudu, wasu su bi ramin gefe, saura su iso daga baya. Kada ka yi lissafi da abin da allo ya rubuta, ka yi da nauyin kofinka.

Mataki na bakwai: allon Mario da ƙugiya

Nan ne wasan gida ke leƙowa. A allon akwai hanya mai gidaje irin ta Mario Party, da su Mario da Luigi da Peach da Yoshi. Abin da ka samu a fili da wajen juyin lambobi shi ke ba ka damar buga ɗan ludo ka matsa gaba, gidan da ka sauka kuma shi ke yanke abin da zai biyo baya: ƙarin kwandala, ko ɗan gajeren wasa, ko wata dama ta musamman. Gajerun wasannin ba su kai na gida zurfi ba, yawanci danna maɓalli ne a kan lokaci ko zaɓi tsakanin abubuwa. Rubutun duk Japananci ne, amma maɓallin da ake so ka danna yana walƙiya, ga ƙirgen daƙiƙa a allo. In ka yi jinkiri injin ya zaɓa maka.

Abin da ya bambanta Catcher da sauran shi ne ƙugiyar, hannun ƙarfe irin na injin kamo 'yar tsana, wanda kake sarrafawa ka kamo ƙwallo idan damar ta zo. A ganina wannan ne ya fi komai daɗi a injin, domin ido da hannu suna aiki. Kafin ka taɓa komai ka zaɓi ƙwallon da kake so. Na saman tuli wanda ba a matse shi ba ya fi kamuwa, na jikin bango yakan zame domin yatsun ƙugiyar ba sa samun wurin buɗewa. Gilashi yana ruɗin ido wajen nisa, don haka ka ɗan karkata kai gefe ka ga ko tsakiyar ƙugiyar tana kan tsakiyar ƙwallon. In kuna biyu, ɗaya ya duba ta gefe ya yi magana. Lokaci ƙayyadadde ne, amma ya fi yadda firgici ke nuna maka yawa.

Mataki na takwas: babban rabo

A saman injin akwai lamba da aka rubuta JP a gefenta. Ita ce babban rabo, tana hauhawa yayin da ake wasa, ta koma ƙasa idan wani ya ci. Isa gare ta sai an bi matakai, na ƙarshe kuma ƙuri'a ce da ake yi a tsakiyar injin, inda duk wanda ke zaune yake gani. Nan ne za ka gane dalilin da ya sa aka tara mutane a inji ɗaya: kiɗa ya canza, kowa ya ɗaga kai, baƙon da bai ce maka uffan ba tun safe ya ɗan tafa maka.

Babu dabara a wannan matakin, rabo ne. Shago ne ke saita yawan abin da injin ke mayarwa, kuma an saita shi ne yadda in aka daɗe kofi zai ragu. Wanda ya koma injin haya don lambar ta yi girma, shagon yake yi wa aiki. In ka ci, ka ɗauko ƙarin kofuna ko ka nemi babban akwati a kanta, domin zubowar takan ɗauki mintuna.

Mataki na tara: in inji ya tsaya, da sauran ladubba

Kwandala takan maƙale, cikin injin kuma yakan ƙare ana tsakiyar biyanka. Za ka ga lambar matsala a allo, fitila tana walƙiya a sama. Kada ka buga gilashi, kada ka girgiza. Akwai na'urar da ke jin girgiza, ƙara za ta yi, wani injin ma ya rufe bakin ramin. Ka danna maɓallin kira in akwai, ko ka ɗaga hannu ka ce sumimasen, wato "gafara dai". Ma'aikaci zai buɗe ya gyara, abin da injin ke riƙe maka kuma zai ci gaba da fitowa.

In za ka zaga, ka nemi katin hutu a wurin ma'aikaci a ɗora maka a kujera, yana da iyakar lokaci. Ka saita ƙararrawar waya saboda salla, domin a cikin wannan ƙara da fitilu azahar takan zama la'asar mutum bai sani ba. Kada ka saya ko ka sayar da kwandala tsakaninka da wani, shaguna sun hana. Kada ka ɗauki hoton mutane, in injin kake son ɗauka ka tambaya tukuna. Taba sai a ɗakinta na musamman tun dokar Afrilun 2020. Kwandala tana baƙanta yatsu, shi ya sa shaguna da yawa ke ajiye tsumma mai laima ko safar hannu kyauta a kusa da kofuna.

Mataki na goma: ajiye abin da ya rage

Tunda ba a fita da su, akwai injin ajiya, wanda suke kira bankin kwandala. Karon farko za ka yi rajista a jikinsa ko a kanta, da lambar sirri, wasu kuma da kati ko na'urar da ke karanta yatsa ko tafin hannu. Ka juye kofin a bakinsa, ya ƙirga, ya nuna maka adadin. Ranar da ka dawo ka ciro ka ci gaba ba tare da ka biya ko yen ɗaya ba. Da haka dattawan nan na safe ke yin makonni a kan abin da suka tara.

Ajiyar tana da wa'adi, galibi wata ɗaya zuwa uku daga ranar da ka taɓa ta ta ƙarshe, in ya wuce ta ɓace. Yawanci kuma a reshen da ka ajiye kaɗai take aiki, ko da kamfanin ɗaya ne. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a garin ya rubuta ranar a wayarsa. Matafiyin da jirginsa ke tashi jibi ba ya bukatar rajista: ya ƙarasa abin da ke kofin a tashar da ƙwallonta ya fi kusa da baki, in lokaci ya ƙure kuma ya miƙa ragowar a kanta, ya duba aljihunsa kafin ya fita kada wata kwandala ta bi shi.